Rabin Mota

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Mama da mutanen gareji. Ya ƙafar?

Baba, hankalina ba a kwance yake ba. Ka san aikina: in zana sabuwar mota a kwamfuta, in lulluɓe ta da raga mai ƙananan idanu, in sako mata iska in ga inda take danne ta da inda take ɗaga ta. Don aiki ya yi sauri, rabin motar muke zanawa, kwamfuta ta ɗauka ɗaya gefen daidai yake da wannan. Haka na yi, na sa hannu cewa motar za ta zauna daram a gudun kilomita ɗari biyu a awa.

Jiya na sauka wurin maƙera na shafa motar da suka ƙera da tafin hannu, gefe da gefe, yadda kake wa motar da aka kawo maka gyaran jiki. A ƙarƙashin bayanta, ta hagu, na ji wata kafar shan iska da suka huda don sanyaya mai. Babu irinta a dama, kuma gefen dama na zana.

Ranar Alhamis za a gwada ta, kuma Yaya ne zai tuƙa. Ni na samo masa aikin nan, Baba. Kada ka gaya wa Mama.

'Yarka,
Auta

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan Mama ba ta ji komai ba.

Na zana motar gaba ɗayanta a gurguje, da raga mai manyan idanu, sai na ga bayanta na hagu yana ɗagawa. Oga ya duba, ya ce irin wannan ragar ba a kafa hujja da ita, kuma gaskiyarsa ce. Mai ƙananan idanun kwana biyar take ci kafin lissafi ya fito, gwaji kuwa jibi ne. Ya ce baƙi na tafe, ba zai ɗaga rana saboda rami ɗaya ba, ga sa hannuna a takarda.

Na sami Yaya. Dariya ya yi, wai tun ina rarrafe nake da tsoro. Ka san ɗanka.

Wallahi ban sani ba ko motar za ta tashi sama. Mai yiwuwa ni ce nake kuskure, in rasa aikina a banza. Na dai sa lissafin mai ƙananan idanun, yana tafiya, ina jin ƙugin injinan ta bango.

Baba, abin da ka ji da nauyi a ambulan ɗin nan makullin motar ne, shi kaɗai gare ta. Kafin ya iso wurinka ka maido mini da shi, kwana biyar sun cika. Ko Yaya ya kira, ba ka ga komai ba.

Ka sa ni a addu'a.

'Yarka,
Auta