Fitilun da Ke Zagaya Garkenka

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwar 'ya ga mahaifinta, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji.

Shanunka suna nan. Da su na fara, don na san su za ka tambaya kafin lafiyarmu.

Bayan rasuwarka, Baffa Umaru ya ce a kora su ƙetaren iyaka wurin 'ya'yansa, tunda babu mai zagaya garke da tocila kamar yadda kake yi, kuma kura ta riga ta ɗauke mana maraƙi. Inna ba ta musa ba, amma ko furarta ta daina shanyewa. Na roƙi a ba ni zuwa ƙarshen damina.

Karatun lantarkin nan da kake min tsiya a kansa, kana cewa "ɗiyata ta tai makaranta koyon kunna ƙwai", shi na ɗauko. Na sayo ƙananan fitilu a Bagudo, na jera su a kan shinge kewaye da garke. Sola na cika batir da rana. Wasu 'yan na'urori masu ƙwaƙwalwa, kowacce kamar kwalin ashana, su ke kunna fitila ɗaya su kashe, ta gaba ta kama, sai ka ce mutum ke tafiya da tocila.

Na sha wuya kam. Fitilun da ke can nesa suka riƙa dushewa, sai da na sa waya mai kauri. Maruƙa suka tauna ta, na binne.

Duk da haka kura ta dawo, don hasken gudu yake bai ɗaya, ba wanda ke tafiya haka. Sai na zauna na tuna taka tafiyar: jan ƙafar hagu, komawa baya ka duba saniyarka Fara, doguwar tsayuwa gindin tsamiya kana tari. Haka na tsara wa fitilun. Tun ranar ba mu sake ganin sawunta ba, Baffa kuma ya bar maganar.

Kullum bayan magariba Inna kan kai tabarmarta bakin garke. In hasken ya tsaya a tsamiya, sai ta ce a hankali, "Sannu da aiki, Malam." Ina kewarka, Baba, amma hankalina a kwance yake.

Allah ya haskaka kabarinka, ya hutar da ƙafar nan taka.

'Yarka mai kunna ƙwai,
Habiba