Sun ce kunyar ɗan fari ce

Matar ƙanena ta tsaya a tsakar gidana, ko tabarmar da na shimfiɗa mata ba ta kalla ba, ta ce tunda ni na kai yarinyar gidan mahaukata to ni zan je in ɗauko musu jikansu, uwar kuwa in na ga dama in jiƙa ta in sha.

Assalamu alaikum, ku yi haƙuri na fara ba sallama, raina ne a ɓace. Admin ki ɓoye sunana. Ni tsohuwa ce, a ajin yaƙi da jahilci na koyi rubutu bayan na aurar da autana, don haka mai gyaran rubutu ya wuce abinsa, shawararku nake nema saboda Allah.

Ɗan ƙanena, zan kira shi Sani, ya auro wata Bafillatana daga wajen Doguwa, mu ce Hajjo. Uwarta ta rasu tun tana ƙarama, da ta haihu babu gidan da za a kai ta wanka, sai uwar mijin, Kande, matar ƙanen nawa, ta ce ita za ta yi mata a can Yako. Kuma ta yi, ba zan yi mata ƙarya ba, ruwan zafi da darbejiya safe da yamma, kunun kanwa kamar za a ɗura mata. Yaron aka sa masa sunan marigayi ƙanena, ana ce masa Abba.

Tun daga ranar suna Hajjo ba ta kallon yaron. In aka miƙo mata shi sai ta kau da kai, in ya yi kuka sai an ce ke ba shi nono, ta ba shi kamar an ɗora mata icce a cinya, idonta na kan bango. Kande sai murna, duk wadda ta shigo barka sai ta nuna mata, wai ku zo ku ga kunyar ɗan fari irin ta da, ba irin 'yan matan yanzu masu ɗaukar hoto da jariri ba. Mata suna ta sa albarka, Sani yana gona ana girbin shinkafa, in ya dawo uwarsa ta ce masa ya yi dacen mata.

Ni a Ba'awa nake, sai da aka kusa arba'in na sake hawa mashin na je. Na ɗaga yaron nan na ji kamar na ɗaga tsumma. Maɗigarsa ta faɗa, kukan ma ba ya fita, sai wani ƙara kamar na ɗan kyanwa. Jama'a ni ma na yi kunyar ɗan fari, har yau ban taɓa kiran babban ɗana da sunansa ba, amma in aka sakaya ƙofa sunsunarsa nake kamar zan haɗiye shi. Sai na fake da alwala na leƙa ɗakin Hajjo ta labule, ita kaɗai da shi, ba kowa. Yana motsi a gefenta, ita tana kwance ta ba shi baya, hawaye na shiga kunnenta ko sharewa ba ta yi. Mai kunya ba ta yin kunya in ba mai kallo.

Na faɗa wa Kande, ta ce baƙin ciki nake don nawa surukan ba su da ta ido. Na ce mata jikanta mutuwa yake yi tana raba goro, muka yi kaca-kaca. Da ta shiga banɗaki na goya yaron, na ja hannun uwar, muka hau mota sai asibiti. Aka yi masa ƙarin ruwa, likita ya ce ita kuma Hajjo ciwo ne da ke kama wasu mata bayan haihuwa, ba aljanu ba, ba baƙin hali ba, kuma yana da magani. Amma ya ce kar a mayar da ita inda ba mai lura da ita.

Wata nas ce ta yi mana kwatancen wani gida a Kiru, wata tsohuwar nas da ta yi ritaya ce ke riƙe da shi ita da wasu mata. Ɗakuna ne 'yan kaɗan, uwar da goyo ya fi ƙarfinta ta zauna da jaririnta, a koya mata yadda za ta kama shi a nono, a karɓe shi ta samu barci, a sa mata ido kan magani. Akwai mai 'yan uku daga Tudun Wada, akwai wadda mijinta ya rasu tana da ciki. Babu sarƙa, babu mahaukaci ko ɗaya. Ni na kai ta, ni suka sani, shi ya sa ba mai fita da yaron sai da ni.

A hankali Hajjo ta fara cin abinci, yaro ya fara yin kumatu. Sai na yi abin da na ɗauka gyara ne, na lallaɓa Kande na ce ta zo ta gani da idonta. Muna shiga muka tarar da Hajjo zaune a ƙarƙashin mangwaro, ta ɗaga yaron sama tana masa rawa, tana sumbatar cikinsa, tana kiransa da ainihin sunansa, sunan mijin Kande. Ni na ji daɗi har ƙirjina ya yi zafi. Kande ta ajiye kwanon furar da ta zo da shi ta juya.

Kafin mu kai tasha ta gama yanke hukunci. Wai ta ba ni yarinya mai kunya na mayar mata da 'yar tasha, wai allurai aka yi mata suka wanke mata ido, wadda za ta kira sunan surukinta a gaban matarsa lallai ta haukace. Na ce yaron fa ya rayu, ta ce dama kwanansa ne ba su ƙare ba. Sani kuwa sakarai ne, ko ɗana ne sai na faɗa, ya zo min yana sosa ƙeya wai shi ba zai saɓa wa mahaifiyarsa ba. Abin da suka tsayar shi ne, ko in kawo yaron Kande ta raine shi da madarar gwangwani, dama ɗan fari na kaka ne, Hajjo ta wuce Doguwa da sakinta, ko kuma ta dawo ta zauna da kunyarta yadda take a da, yaro ya kwana ɗakin Kande, a riƙa kawo mata shi shan nono kawai. Tsohuwar nas ɗin ta ce ita ba ta riƙe kowa dole, amma yarinyar ba ta gama warkewa ba, in aka raba su yanzu ba ta san abin da zai faru ba.

To ku faɗa min, in kai maganar wajen mai gari ne, ko in nemo baffanninta a ruga, ko in ɗauke su zuwa gidana dangi su yanke ni? Ni ba na jin tsoron Kande, amma ɗakina ɗaya, ƙafafuna kuma sun fara ƙin zuwa rijiya.

Jiya na koma Kiru, ban san wa ya kai wa Hajjo labari ba. Na tarar da Abba a kan tabarma yana wutsil-wutsil yana neman ta, ita tana zaune ta juya masa baya ta ƙura wa bango ido, ta danne hannayenta a ƙarƙashin cinya. Na ce Hajjo ciwon ne ya dawo? Ta girgiza kai, ba ta waiwayo ba.

"A'a Gwaggo, koyo nake. In na iya daina kallonsa, za su bar min shi?"

Ku nake jira kafin in ba ta amsa.