Faretin Baba da Jan Biron Malam Godswill

Anti Asama'u, don Allah ki agaza mini, na rasa wanda zan gaya wa.

Ni ɗaliba ce a aji shida a nan Zuru, jarrabawar WAEC kuma ta matso. Babana tsohon soja ne. Tun da ya yi ritaya ciwon ƙafa ya hana shi zuwa gona, ba abin da ke faranta masa rai kamar ya zaunar da ni bayan la'asar ya koya mini lissafi. Ya iya kuwa, a wurinsa na koyi son darasin.

Matsalar ta taso a hujjar da muke kira indokshan, wadda ake fara gwada n = 1, a ɗauka maganar gaskiya ce ga k, sannan a nuna ta ga k + 1. An ce mu tabbatar 2ⁿ > n. Baba ya koya mini in sa alamar = a farkon kowane layi, su jeru tsaf, wai aiki mai kyau kamar fareti yake. Haka na rubuta a jarrabawar gwaji. Malaminmu na lissafi, Malam Godswill, ya zagaye su da jan biro, ya zabtare mini maki, alhali na kai inda ake so.

Da Baba ya gani sai ya ce malaman yanzu ba su san tsari ba, zai je makarantar da kansa. Anti, na duba na ga malam ne da gaskiya. Amma wallahi ba zan iya kallon idon Baba in faɗa ba. Yanzu ƙarya nake yi masa cewa ba a ba mu aiki ba. Jiya na hango shi zaune shi kaɗai a kan bencin da muke darasi, ya fere fensir yana jira, sai da na yi kuka. Ina tsoron faɗuwa, ina tsoron karya masa zuciya.

’Yar tsohon soja, Zuru

’Yata, share hawayenki, wannan ba ta kai ga kuka ba.

Malaminki bai zalunce ki ba. Mai duba takarda ba ya ganin abin da ke kanki, abin da kika rubuta yake gani. In kin sa = kin ce ɓangarorin biyu daidai suke, in kuwa ɗaya ya fi ɗaya, kin faɗi abin da ba haka ba. Ki nuna n = 1 tukuna: 2 > 1. Ki rubuta a fili cewa kin ɗauka 2ᵏ > k. Sannan:

2ᵏ⁺¹ = 2 × 2ᵏ > 2k ≥ k + 1

A gefen > ki ce daga abin da kika ɗauka ne, a gefen ≥ ki ce saboda k ≥ 1. Ki rufe da jimlar kammalawa.

Shi ma Babanki ba duka ya yi kuskure ba. Tsarin da ya dasa miki dukiya ce, alamar kawai za a gyara. Ki daina ƙaryar nan, ta fi jan biro ciwo in ya gano. Kada kuma ki ce masa ya yi kure. Soja ya fi kowa sanin cewa a layi ɗaya akwai saje akwai kofur, kowa da igiyarsa. Ki rubuta hujjar yadda na nuna, ki roƙe shi ya duba miki faretin: ya tsaya a kan kowace alama ya tambaye ki dalilinta. Zai gane da kansa, zuwa makaranta kuma ba zai taso ba.

Ba alamar = Babanki yake karewa ba, ’yata, zamansa kusa da ke yake tsoron rasawa. Yau bayan la'asar ki riga shi zama a kan bencin nan. Allah Ya ba ki sa'a, Ya ƙara masa lafiya.

Anti Asama'u