Hular Kwaɗo da Idon Uwar-Tsiwa

Zuwa ga ƙanwata,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki, da fatan karatun bai tsotse ki ba. Allah ya ƙara lafiya, ya dawo mana da ku cikin nasara. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma faɗan da ta saba, kasuwar takalma kuma tana motsi.

To, gyara zama, don yau da kirari na zo. Kin tuna likitar ido ta ce idon hagun ’yarki Uwar-Tsiwa rago ne, sai an riƙa manne na dama da filasta kullum don a tilasta wa na hagun aiki, in kuwa aka bari ta girma a haka, shi ke nan, ba ya gyaruwa. Abin da na ɓoye miki a waya shi ne, yarinyar nan ta gagari gidan nan kaf. Inna ta yi lallashi, matata ta yi cin hanci da alewa, ƙaninmu malamin makaranta ya zaunar da ita ya yi mata lacca kan amfanin ido. Ta saurare shi tsaf, ta ɓare filastar ta liƙa wa kyanwa. Da muka koma asibiti likita ta ce ba ci gaba, lokaci kuma yana ƙurewa. Ranar ko abincin kirki ban ci ba.

Kwatsam, a teburin mai tsofaffin littattafai da ke gefen shagona na ga wani ɗan littafin yara mai hotuna, bangonsa duk ya tattare. Ga yadda ya fara:

Kwaɗo ya sayi hula,
Yana tafe bai kula,
Iska ta yi gaba da ita,
Yana ihu a tare ta.

A kowane shafi kwaɗon nan yana zare ido yana nema, hular kuwa an zana ta ’yar mitsitsiya an ɓoye, nan a wutsiyar jaki, can cikin kwandon wanki. A baya an rubuta wai darasinsa yaro ya kula da kayansa. Na ce marubuci bai san hajarsa ba, wannan ai maganin ido ne.

Kin san sana’armu. Mai saye in ka bi shi da roƙo, gudu yake. Amma mayar da takalmin cikin kwali, ka ce wani ya riga ya yi magana, nan take ƙafarsa za ta fara ƙaiƙayi. Don haka ban roƙi Uwar-Tsiwa ba. Na sayi littafin na dawo gida, na manna filastar a nawa idon, na juya mata baya a kan tabarma, ina rera waƙar ina ƙyaƙyata dariya, ina ihun na ga hula. Matata ta leƙo daga kicin ta tambaya ko zafin rana ne ya taɓa ni. Uwar-Tsiwa ta zagayo za ta leƙa, na rufe littafin gam, na shaida mata ba a buɗe wa mai ido biyu. Ta murguɗa baki ta ce dama ba ta so. Na ce madalla.

Washegari ita da kanta ta biyo ni, wai in ara mata filastar kaɗan. Na ce tawa ce, kuma da wuya ake samu. Ƙanwata, jinin kasuwa ba ya ɓuya! Yarinyar nan taya filastar ta yi, ta ajiye mini ’yar tsanarta jingina. Sai da na ja rai sosai sannan na sallama, ina ƙunƙuni kamar an cuce ni. Farko da kyar take ganin hular, hancinta har yana gogar takarda. Da ta haddace wuraren ta fara yi mini maguɗi, sai na juya littafin ƙasa a sama, daga baya na saye duk irinsa da ke teburin mutumin.

Shekaranjiya muka koma asibiti. Aka rufe mata idon dama, aka haska mata hotuna a bango, manya a sama, ƙanana a ƙasa. Ta bi su tana faɗa har layin da a da ko alamarsa ba ta gani, sannan ta juyo ta tambayi likita ina aka ɓoye hular. Likita ta cire tabarau ta ce idon ya farka, a ci gaba a haka, ba sauran fargaba. Ni kuwa, ƙaton banza, na fita baranda ina share ido, ina ce wa mutane ƙura ce. Ki kwantar da hankalinki. Ranar da za ki sauka, da ido biyu ’yarki za ta hango ki.

Inna tana sa miki albarka. Matata, da malam, da su Gwaggo duk suna gaishe ki. Ki miƙa gaisuwata ga surukina. Allah ya sada mu da alheri.

Naki yayanki,
Mai Takalma