Fim ɗin da Zai Nuna wa Baba Jikarsa

Anti mai shawara, don girman Allah ki taimake ni, kuma kada ki ajiye wasiƙata a gefe ki ce ba irin ta filinki ba ce. Na san an fi kawo miki kukan aure. Nawa kukan na hoto ne, amma wallahi ya hana ni cin abinci.

Mahaifina mai hoto ne tun kafin a haife ni. A shagonsa na girma, cikin warin ruwan wankin hoto da labulen nan mai zanen bene da mutane ke tsayawa a gabansa. Ban da hoton kati da yake yi wa jama'a, yana da wani abin da yake yi don kansa: hoton majigi. Fim ne baƙi da fari da ake yi wa wani wanki na daban, wankin juyi, sai ya fito da hoton sosai, fari a fari, baƙi a baƙi, ba negatif ba. A yanka shi, a sa a ɗan firam, a haska a bango. Duk ƙuruciyarmu tana cikin akwatunan nan, da mahaifiyarmu, Allah ya ji ƙanta.

Yanzu idon Baba yana tafiya. Likita bai ɓoye mana ba, ya ce ganin ba zai dawo ba, abin da ya rage ma raguwa zai ci gaba da yi. Fuskar mutum a gabansa kamar hayaƙi yake ganinta. Waya kuwa ko ka kai masa har hanci, haske kawai yake gani. Amma idan aka rufe taga da bargo aka kunna majigin, hoton ya cika bango, yana gani. Da idona na ga ya nuna ɗan kunnen mahaifiyarmu da sandarsa.

To na haihu, mace. Duk wanda ya zo barka sai ya ce ta ɗebo kamannin marigayiya. Baba yana ɗaukarta, yana shafa fuskarta, yana tsokanar maigidana wai ya zo ya ga amaryar da ta fi tasa. Rannan ina ninke kaya na ji yana faɗa mata a hankali cewa kowa ya ga kamannin nan, shi da ya fi kowa sanin mai kamannin an bar shi da ji. Anti, banɗaki na shiga na yi kukana.

Sai na ɗauko kyamararsa ba da saninsa ba. Na iya riƙe ta, shi ya koya mini. Na je shago na ce a ba ni fim baƙi da fari mafi kyau, mai shagon ya miƙo mini mai lamba 400, ya ce ko a ɗaki zai ɗauka. Na ɗauki hotunan jaririyar da na babanta, na kai wa Dogo, tsohon abokin sana'ar Baba, wanda har yanzu yana da ɗakin duhu a bayan shagonsa. Ya ce rabonsa da wankin juyi an daɗe, amma saboda Baba zai gwada.

Ranar da na kawo, na rufe taga, na zaunar da Baba a kujerarsa, na ce ina da tsaraba. Abin da ya fito a bango kamar ruwan da aka wanke tukunya. Ba fari, ba baƙi, toka-toka kawai. Ni mai ido biyu ma sai na ƙanƙance su. Baba ya sunkuyo, ya daɗe yana kallo, sai ya ce masha Allah, amaryarsa akwai manyan idanu. Anti, hoton da ke bangon a lokacin na maigidana ne shi kaɗai a bakin ƙofa. Don kada in ji kunya Baba ya faɗa.

Na sake gwadawa da wani fim da na tsinta a durowar Baba, wanda ban san shekarunsa ba. Wannan ya fi na farko muni, har wani wajen ya saɓule kamar fatar da ta ƙone. Dogo ya ce laifin fim ne, mai shago ya ce laifin Dogo ne, ni kuma ban san wa zan kama ba.

Maigidana ya ce in bar wahalar da kaina, zai aro majigin zamani a wajen aikinsu a haɗa da waya. Na yi masa tsawa, abin da ban taɓa yi ba, na ce bai san Baba ba, mutumin da har yau yake kiran hoton waya wasan yara. Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu. Na san ban kyauta ba, amma ina so abu na ƙarshe da Baba zai gani ya zo ta hanyar da ya sani, a saka shi cikin akwati ɗaya da na mahaifiyarmu.

Kwanan nan ya fara laluben kofin shayinsa a kan tebur. Lokaci yana ƙure mini. Wane fim zan saya? Ko haukan jego ne ke damuna kamar yadda yayata ta ce?

'Yar Mai Hoto

*

'Yar Mai Hoto, share hawayenki. Ba hauka ba ne, so ne ya haɗu da gaggawa. Ni ban san fim ba, don haka na gangara da wasiƙarki wajen tsohon mai hoton jaridarmu, wanda ya yi wannan wanki a zamaninsa. Ga abin da na samo miki.

Ba kowane fim baƙi da fari ke yin hoton majigi ba. Hoton yana zaune ne a kan wata leda, kuma ta cikinta hasken majigi zai ratsa. Yawancin fim, musamman masu babbar lamba irin wanda aka sayar miki, ledarsu tana da duhun toka. Wajen buga hoton kati wannan ba ya damun kowa, amma a bango shi ke cinye farin. Mai shagon bai cuce ki ba, bai san abin da za ki yi da shi ba ne. Ki nemi fim mai leda garau kamar gilashi. Mafi sauƙi shi ne wanda aka rubuta a kwalinsa cewa don wankin juyi aka yi shi. Idan babu, ki nemi mai ƙaramar lamba, 50 ko 100, domin sun fi raba fari da baƙi, abin da idon Baba yake bukata ke nan. Ki roƙi Dogo ya ɗaga wankakken guntun irinsa a hasken taga ku duba gefensa tare. Ki guji wanda ake wankewa da ruwan hoto mai kala ko da an ce baƙi da fari ne, kuma tsohon fim na durowa ki bar shi a durowa.

Fim mai ƙaramar lamba yana son haske. Ki kwantar da yarinyar kusa da taga da hantsi, bayanta ƙyalle mai duhu, ki matso fuskarta ta cika hoton. Kowane zama ki ɗauka yadda awon haske ya nuna, ki ƙara kaɗan ki sake, ki rage kaɗan ki sake, don wannan wanki ba ya yafe kuskure. Saɓulewar da kika gani kuwa, abokin aikina ya ce sau da yawa zafin ruwa ne ko ƙarfin sinadari. Dogo ya fara gwaji da guntu kafin ya taɓa na gaske. Ke mai shayarwa ce, kada ki sa hannu a ruwan nan.

Yanzu maganar da ba ta fim ba. Maigidanki yana da gaskiya, ke ma kina da ita. Ke kina son abin ya yi daraja, shi yana tsoron a makara. Ki ba shi haƙuri yau, ya aro majigin gobe, a mai da hoton wayar baƙi da fari a haska. Idan Baba ya gani, alhamdu lillahi, kin sami sararin yin naki a natse. Idan ya yi tsaki ya ce wasan yara ne, ya yi tsakin bayan ya ga jikarsa.

Sannan ki daina ɓoye wa Baba. Kin zagaya shago, kin zagaya wajen Dogo, kin zo har wajena, alhali wanda ya cika akwatuna da irin hoton nan yana zaune a falo. Idonsa ne ya raunana, saninsa yana nan. Ki zauna kusa da shi ki ce aikin ya gagare ki, ki tambaye shi fim ɗin da yake saya da yadda yake auna haske. Ku ɗauke shi ku kai shi ɗakin duhun Dogo ya zauna yana ba da umarni, ya yi faɗa idan ya ga dama. Mutumin da aka fara yi wa komai a gida yana bukatar a ce masa akwai abin da ba ya yiwuwa sai da shi.

Allah ya raya miki ita, ya sanyaya tsakaninki da maigidanki, ya ba Baba lafiya da haƙuri. Ki tashi ki fara da ba da haƙurin, sauran duk da rana za a yi su.

Antinku