Tarin Mama da Karen Baba

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da majinyatanki masu ƙafa huɗu. Takarda na zaɓa don in na kira ki a waya Baba zai ji. Kunnensa kam ciwon bai taɓa shi ba.

Wata uku ke nan da mutuwar karensa Sajan, kuma tun ranar Baba bai wuce bakin ƙofa ba. Likita ya ce mai shanyewar ɓarin jiki irinsa in ba ya takawa kullum ƙafar sandarewa za ta yi, ya koma kan kujera gaba ɗaya. A da karen ne yake jan shi har kwanar makaranta safe da yamma. Yanzu sandar tana jingine a bayan ƙofa, igiyar Sajan tana rataye a jikinta. Na lallashe shi, na yi masa fushi, a banza. Sai na ce to, ƙanwata likitar dabbobi ce, ta samo masa wani.

Amma tsaya ki ji. Kin tuna tarin Mama, wanda muka taso muna ji? Ya tafi! Idonta ya daina ja, ta yi sati shida ba ta nemi abin shaƙarta ba. Na ja ta asibiti aka yi gwaji, likita ya ce jikinta ne ba ya ɗaukar kare. Na juya in ga yadda za ta yi mamaki, sai na ga tana gyara ɗaurin ɗankwalinta. Ta ce, "To, ai na sani." Shekara ashirin da shida, Auta! Karnuka uku aka yi a gidan nan, ba ta taɓa buɗe baki ba.

Yanzu ki faɗa mini, akwai irin karen da zai fitar da Baba waje ba tare da ya shaƙe Mama ba?

Taki,
Yaya

*

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa da girmamawa, na karanta wasiƙarki a tsaye, na ƙarasa ta ina hawaye. Ni da nake gano ciwon kyanwa daga yadda take kwanciya, ban gano na mahaifiyata ba. Na ji kunya ƙwarai.

Gaskiyar magana, babu karen da zan rantse miki cewa ba zai taɓa ta ba. Masu sayarwa za su ce akwai, kada ki saurare su. Ba gashin kansa ne matsalar ba, ɓurɓushin fata ne da yawu, kuma kowane kare yana da su. Sai dai masu nannaɗaɗɗen gashi, irin wanda ba ya zuba sosai, sukan zo wa wasu mutane da sauƙi. Ko a cikinsu ma, wani ya dame ta, ɗan'uwansa ya ƙyale ta. Ga kuma Baba, wanda ba ya bukatar mai ƙarfin da zai fizge shi ya kayar.

Na zaɓi uku masu sanyin hali. Na goga wa kowannensu hankici a wuya da baya, na ƙulle a leda daban-daban, na rubuta ɗaya, biyu, uku. Ki nuna wa likitanta tukuna. In ya yarda, ta riƙe guda ɗaya na ɗan lokaci, abin shaƙa a kusa, a bar kwana biyu kafin na gaba. Wannan somin-taɓi ne kawai, daga baya sai ta zauna da karen ido da ido.

Don Allah kada ki bari ta wanke su. Kin san ta da tsumma.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Gaisuwa a gurguje, don asiri ya tonu.

Likita ya yarda. Hankici na ɗaya ya sa idon Mama ya yi jawur kafin in gama haɗa shayi. Na uku atishawa ta yi ta jerawa. Na biyun ta riƙe shi kusan awa guda tana kallon labarai, ko gezau.

Kuskurena ɗaya, na bar ledojin a kan teburin falo na shiga kicin. Da na fito na tarar da Baba ya kwance ɗaya da hannunsa mai lafiya, ya kai hanci. Ya ce, "Wannan warin kare ne. Wa yake ɓoye mini kare a leda?" Na fara kame-kame. Mama ta ce, "Bari, ke ba ki iya ƙarya ba," ta zauna ta faɗa masa komai.

Ban taɓa ganin fuskar Baba haka ba. Ya ce, "Ni da nake tsokanarki da Sarauniyar Mura? Ni da nake sayo miki maganin tari ina cewa ki rage shan ruwan sanyi?" Ya miƙe da ƙyar, ya cire igiyar Sajan daga jikin sandar, ya sa ta a aljihun tebur. Ya ce kare ya gama shiga gidan nan, ko da zai ƙare rayuwarsa a kan kujera.

Yau kwana huɗu ba ya cin abin kirki. Mama ta karɓi adireshinki, ta ce ita za ta rubuto miki.

Yaya

*

'Yata Auta,

Ina gaishe ki, Allah ya yi miki albarka. Ki yi haƙuri da rubutuna, tabarau ɗina ya tsufa.

Ke da yayarki kun mayar da ni abin tausayi, kuma ba na so. Ba wanda ya tilasta mini. Shekarar da aka sallami babanku daga masaƙa, kina goye a lokacin, ya yi wata takwas ba ya magana sai "to" da "a'a". Na yi duk abin da na iya. Rannan ya dawo da wani ɗan kwikwiyo duk ƙaiƙayi a cikin kwali, ya ce a bakin kwata ya tsince shi. Da ya zo yi masa wanka abin ya zille ya faɗa cikin bokiti, sai na ji babanku yana dariya. Na fito daga ɗaki da gudu don in tabbatar shi ne. Washegari na fara tari. Na auna tarin, na auna dariyar, na ga dariyar ta fi nauyi. Shi ke nan labarin.

Yanzu ya ce ya hana kansa kare saboda ni. Na ce masa ban yi shekara ashirin da shida ina tari don in zo in riƙa tura shi a keken guragu ba. Ya ce ina da taurin kai. Na ce a gidansa na koya.

Amma ba zan ɓoye miki ba, na ɗanɗana numfashi mai daɗi kuma ba na son in rasa shi. Don haka ba jarumta zan yi ba. Ran Asabar zan shigo motar safe in zo wajen aikinki. Ki haɗa ni da karen hankici na biyun a ɗaki ɗaya, mu wuni tare, mu sake washegari. In ƙirjina ya ƙi, mu nemi wani, ko da za mu gwada goma. In ya yarda, a tsakar gida zai zauna, ba zai taka mini ɗaki ba, kuma babanku zai canja riga a bakin ƙofa.

Ki tanadar mini kujera mai kyau, bayana ba ya son benci.

Mamanki

*

Likita Auta,

Gaisuwa. Da hannun hagu nake rubutu, ki karanta a hankali.

Mamanku ta dawo lafiya. Kwana uku ina kasa kunne, ban ji tari ba. Ta ce karen ya yi kama da tunkiya kuma ba shi da kwarjini. Ba komai, ni ma yanzu ba ni da shi.

Ki kawo shi, bisa sharaɗi ɗaya. Ranar da ta fara tari, ranar za ki zo ki ɗauke shi, kuma ni zan faɗa miki, don ita ba za ta faɗa ba. Shekara ashirin da shida ina jiyo motsin kare daga ƙarshen layi, ban ji matar da take zaune kusa da ni ba. Yanzu ina ji.

Jiya na taka har kwanar makaranta don in duba hanyar da za mu riƙa bi. Ita ta raka ni. Ta fi Sajan sauri, kuma ta fi shi faɗa.

Babanki