Taku shida a bayan gidan Baba

Lamorde, Mubi
14 ga Maris, 2016

Zuwa ga Adda Ruƙayyatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da yara da mutanen Zariya baki ɗaya. Allah ya ƙara miki sauƙin ciwon ƙafar nan, ya raya su Nafisat. Mu nan lafiya, sai zafi da ya fara shigowa. Matata Aisatu ta koma koyarwa, Kawu Mato kuma yana nan da tarinsa. Na san za ki ce me ya hana ni kiran waya. Sau uku na ɗauki wayar ina ajiyewa, don maganar ba wadda za a yi layi yana katsewa ba ce, kuma akwai takardar da nake so ki karanta da idonki.

Kin ce in gyara gidan Baba ya sayu kafin damina, kuma na yi. An canza kwanon zaure, an toshe ramukan harsashin da ke jikin ƙofa, an yi fenti. Rubutun da 'yan bindigar nan da suka mamaye gari suka bari a katangar waje sai da aka shafa masa fenti sau uku kafin ya daina leƙowa. Gabdo dillali ya ce mai saye da hanci yake fara ciniki, don haka na kai awaki Sabon Layi, na bar tagogi a buɗe mako guda. Ya sa na sauke hotuna na ɗaure littattafan Baba a kwali, wai idan mutum ya shigo, iyalinsa yake so ya hango a ɗaki, ba namu ba. Wuri ɗaya ne ya gagare ni, tarin tsofaffin kwanukan rufi da ke gindin lemo a bayan gida. Duk ranar da na kawo masu kwashewa sai Kawu ya tare. Yau ya ce akwai maciji, gobe ya ce kazarsa na kwanci. Na ɗauka rigimar tsufa ce.

Ranar Laraba Gabdo ya kawo Alhaji Abdulƙadiri, wani mai fataucin shanu. Gidan ya kwanta masa. Da muka zagaya baya, sai ya buga dunduniya kusa da kwanukan ya ce a nan zai haƙa rijiya. Ina juyowa na ga Kawu ya zauna daɓas a ƙasa.

Bayan sun tafi ya gaya mini. Kin tuna ranar da suka shigo gari muka fita da ƙafa ta hanyar Sahuda, Kawu ya ƙi bin mu. Ashe Baba Vandi kafinta, maƙwabcinmu na bayan katanga, shi ma bai iya fita ba saboda ƙafarsa. Kawu ya san abin da zai sami Kirista idan aka gan shi, sai ya tsallako da shi ya ɓoye a ɗakin da muke ajiye masara. Maganin sukarin Baba Vandi ya ƙare, a rana ta goma sha ɗaya ya cika. Babu halin zuwa maƙabarta. Kawu shi kaɗai ya haƙa da fartanya, ya naɗe shi da farar rigarsa ta Juma'a, ya kwantar da shi yana fuskantar alƙibla, don bai san wata hanyar binne mutum ba. Da gari ya dawo aka shiga tambayar waɗanda suka zauna, sai tsoro ya kama shi kada a ce shi ya kashe shi. Shekara ɗaya da wata huɗu ke nan yana kallon Liyatu, 'yar marigayin, tana yawo da hoton mahaifinta daga Yola zuwa kan iyaka.

Da na shaida wa Gabdo, ya ce a zuba siminti a wurin, a gaya wa Alhaji akwai dutse a ƙasa. Ya kira ni ɗan jarida sarkin tone-tone, ya ce ai ba kowane labari ake bugawa ba. Na ce masa ɓoye aibi a ciniki haramun ne ko da tsagar bango ce, balle mutum. Bai ji daɗi ba, amma bai musa ba.

Washegari na kai Kawu wurin Liyatu. Ya kasa ɗaga kai, yana ta roƙonta gafara a kan alƙiblar, wai ya juya mata uba inda ba nan yake kallo ba. Ta yi kuka mai yawa, sannan ta yi dariya cikin hawaye. Ta ce shekara arba'in su biyun suna gardamar addini a bakin ƙofa, ga shi Kawu ya jira sai da abokin gardamarsa ya yi shiru sannan ya ci nasara. Ta ce Allah ya san inda zai sami mahaifinta, kada a taɓa shi.

To Adda, ga inda muke. Kabarin a jikin katangar da ta raba mu da su yake. Na auna, taku shida ne a tsaye, huɗu a kwance. Idan aka rushe katangar aka janyo ta ciki, kabarin ya koma gidansu. Na gaya wa Alhaji komai. Ya ce ba zai sayi gida da kabari ba, amma idan an ja katangar zai sake dubawa, kuma ba a farashin da ya fara faɗa ba, tunda wurin rijiyar ya tafi. Ya ba ni zuwa Juma'a ta sama. Ina jin Gabdo ya riga ya nuna masa wani gida a Sabon Layi, don tun jiya bai ɗauki wayata ba.

Ban manta halin da kike ciki ba. Na san mai gidan haya ya ba ki wa'adi, na san ke da yara huɗu a ɗaki ɗaya kuke, kuma da rabonki kike son samun wurin kanki. Haƙƙinki ne, ba zan yanke ko taku ɗaya ba sai da yardarki. Takardar yardar jan katangar tana haɗe da wannan wasiƙa. Ƙaninmu Khalid ya sa hannu, ni ma na sa, saura ke. Idan kin ƙi, ba zan zuba siminti ba, sai dai in je in ce wa Liyatu ta zo da mutanen cocinsu su tone shi. Kwana biyar ke nan ina juya yadda zan faɗa mata hakan, ban samu ba. Direban da ya kawo miki wannan zai juyo ranar Lahadi, ki ba shi amsa ko wace iri ce.

Ki gaishe da Nafisat da Mubashshir da 'yan biyu, da Inna Hussaina idan kin leƙa ta. Aisatu da Kawu suna gaishe ki. Liyatu ma ta ce in gaishe ki, kuma kada in roƙe ki komai a madadinta. Kullum da safe takan zo ƙofarmu ta yi sallama, ta tsaya sai an ce ta shigo, sannan ta wuce wurin mahaifinta. Ni dai, Adda, na gaji da ba ta izini.

Naki ƙane,
Abdulhamid